Sifikokin Gudummawa

A shagona na gyaran rediyo da ke Jekadafari akwai maganar da na maimaita har na gaji da jin muryata: ba a ƙara wa amfilifaya sifika don kawai an ga sauran waya. Mutanen garinmu ba sa ji. In biki ya tashi, kowa sai ya saɓo akwatin sifikarsa ya kawo, a ɓare bakin waya da haƙori, a murɗa ja da ja, baƙi da baƙi, a kunna. In ta yi ƙara a ce madalla. In ta yi hayaƙi a zagi mai janareta, washegari a kawo mini ita a buhu ana cewa wai haka kawai ta mutu. Ni kuwa ban taɓa ganin amfilifayar da ta mutu haka kawai ba. Da na buɗe na shinshina, na san sifika nawa aka rataya mata.

Ba mugunta ba ce, zumunci ne, shi ya sa abin yake da wuyar magani. A unguwanninmu in maƙwabci zai aurar da 'ya, mata su kai shinkafa da mai da tukwane, maza su kai benci da tabarmi da rumfa, wanda yake da sifika kuwa ita ce gudummawarsa. Zai goge ta tas, ya kawo, ya zauna kusa da ita yana kallon mutane. Ka ce masa ba za a haɗa tasa ba, daidai yake da ka mayar wa matarsa kwanon abincin da ta aiko. Na san gidaje biyu a Barunde da suka daina gaisawa a kan haka.

Abin da ba sa son ji shi ne kowace sifika tana da lambarta, wadda muke kira om, galibi huɗu ko takwas ko sha shida. Ita ma amfilifaya an rubuta a bayanta lambar da take so, kuma dole lambobin su dace. In ka haɗa sifika biyu masu takwas-takwas, ja da ja, baƙi da baƙi, ba sha shida ka samu ba, huɗu ka samu, domin ka buɗe wa wuta hanya biyu. Ka haɗa guda huɗu, ka koma biyu. Duk sanda lambar ta yi ƙasa, sifikokin sai su ƙara zuƙar wuta daga cikin amfilifayar, kamar a sa wa akuya ɗaya 'ya'ya takwas. Za ta shayar da su na ɗan lokaci, sannan ta faɗi. Lissafin bai fi ƙarfin kowa ba, har mai shayin layinmu na koya wa ya gane, amma ranar biki ba mai tunawa da shi.

A shekarun da rikicin Barno ya koro mana mutane, gari ya cika da baƙin fuska, shingayen bincike suka yi yawa, ana sa dokar hana fita ana cirewa, wani mutum ya tsaya a ƙofar shagona da rana tsaka, rungume da wani abu a naɗe cikin bargo. Dogo ne, da tsagen Barebari a fuska. Telan da ke jikin shagona ya tsayar da kekensa, mai cajin waya na tsallake ya miƙe tsaye. A lokacin nan baƙo da ƙunshi a hannu ba abin wasa ba ne. Shi ma ya sani, don tun kafin ya yi sallama ya durƙusa a bakin ƙofa ya warware bargon a fili, a hankali, yadda ya saba yi a kowane shinge.

Da na ga abin da ke ciki sai da na ce masha Allah da ƙarfi. Kan amfilifayar jita ce, tsohuwa, irin mai kwalabe a ciki. Rabona da irinta tun ina koyon aiki. Fatar jikinta ta yage a kusurwoyi, amma ko ɗigon tsatsa babu, da gani ka san tana da mai kula.

"Babarbare," na ce masa, "ina ka sato wannan?"

Tela ya zaro ido. Mutumin kuwa ya dube ni, ya dubi hancina, ya gane Bafulatani ne yake yi masa wasan da ke tsakaninmu tun kakanni. Sai fuskarsa ta saki.

"Ai kai ko kyauta aka ba ka, fura za ka dama a ciki," in ji shi.

Na ba shi benci, na aika a kawo shayi. Ya ce so yake in duba masa ko tana da rai, don tun da ya baro gida bai kunna ta ba. Na tambaye shi ina akwatin sifikarta, domin irin wannan kai ne kawai, ba ya magana sai da akwati. Ya ce a Maiduguri shi da ƙanensa suke zuwa kiɗan biki, irin kiɗan nan na Sudan da mutanensu suke so. Shi ne mai jita, ƙanen shi ne mai ganga, kuma shi yake kula da wayoyi. Da zama ya gagara, motar da suka samu ba ta da wurin akwati. Ƙanen ya ce masa ya tafi da iyali da kan amfilifayar, shi zai biyo baya da akwatin in hanya ta yi sauƙi. Daga baya wayarsa ta daina shiga. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni ma ban ƙara tambaya ba, don a shekarun nan mun koyi inda ake tsayawa.

A Gombe dako yake yi a kasuwar hatsi. Wurin kwana kuwa wani dattijo ne Batangale, tsohon direban babbar mota, ya ba shi ɗaki biyu a gidansa da ke Bagadaza, a lokacin da masu gidaje da yawa in sun ji harshen mutum na Barno ne sai su ce ɗakin an riga an kama. Yanzu dattijon zai aurar da 'yarsa, ya ji labarin baƙonsa makaɗi ne, ya ce shi zai yi masa kiɗan liyafa. Mutumin ba shi da bakin cewa a'a, ba shi kuma da akwati.

Na juya amfilifayar na nuna masa bayanta. Rami ɗaya ne na sifika, a ƙarƙashinsa an rubuta takwas. Na buɗe murfin na nuna masa wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi a kusurwa.

"Ka ga wannan taransifomar? Ita ce ranta. In ta ƙone, babu ita a Gombe, babu a Kano. Masu naɗa waya za su ce maka za su naɗa sabuwa, za su naɗa ɗin, amma muryar ba za ta dawo ba. Abu biyu ke kashe ta. Na farko, a tara mata sifikoki lambar ta faɗi. Na biyu ya fi sauri: ka kaɗa jita tana kunne babu sifika a jikinta. Na zamani masu taransista maimakon kwalabe ba ruwansu da wannan. Ita kuwa ƙarfin da ta tura in bai samu inda zai sauka ba, kanta yake komowa, kamar mai daka ta kai taɓarya an janye turmi."

Ya sunkuyo ya dubi taransifomar.

"Ƙanena ne ya san wannan ɓangaren," ya ce. "Ni kiɗa kawai na sani."

Ina da akwatin sifika da na haɗa da hannuna, katako mai kauri, sifika mai om takwas, ban taɓa ba kowa aronsa ba. Na jawo shi na haɗa. Ya aro jita a wurin wani mai kiɗan coci da ke bayan layinmu, ya zauna ya gyara tsirkiya, ya taɓa. Ban iya yabon kiɗa ba, amma na san sautin da ya fito daga lafiyayyen kaya, kuma na ji shi ranar. Tela ya shigo da almakashi a hannu ya tsaya a bakin ƙofa bai koma ba. Mutumin bai daɗe ba ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin ya tsayar da su, ya ce ya isa haka.

Na ce masa ranar bikin zan zo da akwatina, ni zan haɗa komai, kuma kada ya yarda ko uban amarya ya taɓa masa waya. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, amma na san garinmu.

Ranar Asabar aka yi bikin. An ɗaura aure a coci da safe, liyafa kuma a ƙofar gida da rana, don kowa ya isa gidansa kafin magariba. An tare bakin layi da benci, ana duba jakunkunan masu shiga, kamar yadda ake yi a kowane taro a lokacin. Na ɗauko akwatina a keken-napep na iso da wuri, amma an riga ni. Sifika uku na tarar a jere a gaban rumfa, kowace da mai ita a gefenta: ta mai nika, ta wani dattijon coci, ta ƙanin uwar amarya da ya kawo tun daga ƙauye. Har an murɗe wayoyinsu wuri ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, an naɗe da ledar burodi, ana jiran a cusa a bayan amfilifayar. Mai jita yana zaune a kanta kamar kaza a kan ƙwai, yana ba su haƙuri wai a jira mai gyara.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?" na tambaya, ba tare da na gaisa da kowa ba.

"Wace aika-aika kuma, Malam?" in ji mai nika. "Haka muke haɗawa kullum."

"Kullum ɗin ne nake ganin ku a shagona."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Na haɗiye sauran maganar, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa na warware wayoyin. Na fito da mitata na auna kowace. Sifika mai om takwas a mita shida da ɗoriya take nunawa, kuma duk ukun haka suka nuna. Na gode wa Allah a zuciyata, don da tawa sun zama huɗu, huɗu kuwa suna da hanya.

Hanyar ita ce a haɗa su bibbiyu a jere, jan wannan ya shiga baƙin waccan, wuta ta bi ta ɗaya sannan ta wuce ɗayar. In aka yi haka lambobin taruwa suke yi, takwas da takwas su ba da sha shida. Ka yi jere biyu irin wannan, sannan ka haɗa jeren biyu ja da ja, baƙi da baƙi, sha shidan ta rabu biyu, ka dawo takwas cif. Amfilifaya ta samu abin da take so, kowa kuma sifikarsa ta yi magana. Dattijon coci ya sunkuyo yana kallon yadda na sa ja a cikin baƙi, ya ce shi bai taɓa ganin an yi haka ba, ko ba za ta fashe ba. Na ce in ta fashe ya riƙe tawa. Na ja wayoyin zuwa kusurwoyin fili, na rufe mahaɗarsu da tabarma, na auna bakin babbar wayar da za ta shiga amfilifayar, mita ta nuna abin da nake so. Na miƙe ina kakkaɓe gwiwa, ina jin daɗin kaina.

Sai ga uban amarya ya fito daga zaure, cikin sabuwar babbar riga, rungume da wani ƙaramin akwati da aka yi wa fenti kore. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa ta saba da ƙarar inji.

"Ɗana, ga tawa," ya ce mini. "Daga motata na ciro ta ranar da na ajiye tuƙi. Ta je Legas, ta je Fatakwal, ba ta taɓa ba ni kunya ba. A sa ta a gaba, kusa da amarya."

Ban ma buƙaci mita ba, sifikar mota om huɗu ce. Na auna dai don ya gani, ta nuna uku da 'yan kai.

"Baba, wannan ba za ta shiga ba."

"Kamar yaya ba za ta shiga ba? Ga waya nan."

"Ba waya ba ce matsalar. Huɗun nan sun cika lissafi. In na ɗora taka a kansu, lambar za ta faɗi ƙasa da uku, kayan bawan Allahn nan su ƙone kafin a raba abinci."

Ya dubi sifikokin maƙwabtansa a jere, ya dubi tasa a hannunsa. Bai yi faɗa ba, da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "A bikin 'yata?" Masu sifika uku suka sunkuyar da kai, kowa yana addu'ar kada a ce tasa za a cire.

Mai jita ya kama hannuna ya ja ni bayan rumfa.

"Haɗa masa," ya ce.

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Haɗa masa."

"In ta ƙone fa? Ita kaɗai ka fito da ita. Ba taka ba ce kai kaɗai, da kai da ƙanenka ne."

"Na sani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mutumin nan ya buɗe mini ƙofa lokacin da ake rufewa. 'Ya'yana a tsakar gidansa suke wasa. Ba zan tsaya a gaban jama'a a mayar masa da kayansa saboda nawa ba. In ta ƙone, ta ƙone."

Bakinsa ne yake faɗa, idonsa kuwa yana can kan amfilifayar. Raina ya ɓaci ƙwarai, da shi, da uban amarya, da duk wanda ya fara ƙirƙiro gudummawar sifika. Na ce masa Babarbare dai ba ya jin magana ko a gudun hijira. Na juya masa baya na tsaya ina lissafi a kaina, don ni ba a taɓa ƙona kaya a hannuna ba, kuma ba ranar za a fara ba.

Biyar ba su da hanya, wannan na sani. Amma ba dole ba ne huɗun su zama waɗannan huɗun. In aka cire ɗaya mai takwas aka sa ta uban amarya a gurbinta, jere ɗaya ya ba da sha shida, ɗayan sha biyu, in sun haɗu su tsaya dab da bakwai. Bakwai a wurin takwas ba ta kashe amfilifaya, ko a jikinta. Saura wadda za a cire. Na duba fuskar mai nika, na duba ta dattijon coci, na duba ta mutumin da ya ɗauko tasa tun daga ƙauye. Sifika ɗaya ce a wurin da mai ita ba zai yi gaba da kowa ba.

Wallahi ya yi mini ciwo. Tawa ta fi duk sauran kyau nesa ba kusa ba, kuma na so mutanen Bagadaza su ji aikin hannuna. Na kwance ta da kaina, na ja ta gefen rumfa, na ɗora ta uban amarya a gaba kusa da kujerar amarya, na haɗa, na sake aunawa. Na ce masa, "Baba, an sa." Ya daki kafaɗata har sai da na yi tangaɗi, ya ce da ma ya san wasa nake yi. Na koma na zauna a kan akwatina, tun da dai ya zama kujera.

Da aka fara kiɗa sai na manta da fushina. Sifikar motar tana ɗan karkarwa in sauti ya yi ƙasa, ni kaɗai nake jin haka, uban amarya kuwa duk wanda ya zo gaishe shi sai ya nuna masa ita. Mai jita ya fara da waƙoƙin da dangin amarya suka sani, mata suka fito da rawarsu ta gida. Daga nan ya zarce cikin nasa kiɗan. Akwai matan Barno da ke zaune a unguwar, sun zo sun raɓe a ƙarshen rumfa cikin lafaya. Da suka ji wannan sai ɗaya ta rangaɗa guɗa, sauran suka miƙe. Wata tsohuwa a cikinsu tana rawa tana share ido da gefen mayafi. Lokaci-lokaci nakan zagaya bayan amfilifayar in ɗora bayan hannuna a kan murfin. Ɗumi ne na lafiya, irin wanda hannu yake iya zama a kai.

Bayan la'asar, ana cikin raba shinkafa, wata ƙara ta tashi daga wajen babban titi. Ƙara ɗaya, mai nauyi, har ƙasa ta amsa.

Wanda bai zauna a garinmu a shekarun nan ba ba zai gane yadda taro yake watsewa ba. Ba mai tambaya, ba mai waiwaye. Kujeru suka kife, faranti suka tarwatse, uwaye suka fizgi 'ya'yansu, amarya ta tattare farar rigarta ta yi zaure. Ni ma na miƙe, ƙafata ta riga ta juya wajen lungu. Sai na ga tabarmar da na rufe mahaɗar wayoyi ta yi sama, wata mata ta tafi da babbar wayar a ƙafarta, ta tsinke ta daga mahaɗar. Sifika huɗu suka yi tsit a lokaci ɗaya.

Mutum ɗaya ne a filin bai motsa ba. Mai jita yana tsaye a inda yake, yana ci gaba da kaɗawa. Da ya ji sauti ya ɗauke, bai ga wayar ba, sai ya yi abin da kowane makaɗi yake yi: ya miƙa hannu ya murɗa ƙarar har ƙarshe, ya ƙara dukan tsirkiyoyin da ƙarfi.

"Daina!" na kwarma. "Kai Babarbare, daina!"

Ina zai ji ni cikin wannan ihun. Kowa yana gudu waje, ni na kutsa ciki. Na ture wani mai ƙiba, na taka shinkafa na zame, na dafa benci na tsallake, gwiwata ta daki ƙarfen rumfa ban ma ji ba sai washegari. Na isa na fizge wayar jitar daga gaban amfilifayar, na kai hannu baya na kashe ta. Sannan na tsaya ina haki.

Ya dube ni da mamaki, fuskarsa a natse kamar ba abin da ya faru.

"Taya ce," ya ce. "Tayar babbar mota ce ta fashe. Na san ƙarar bom, ba haka take ba. So nake su ji kiɗa su tsaya, kada a tattake yara."

Na nuna masa wayar da ke kwance a ƙasa, bakinta a tsinke, ba ta haɗe da komai. Ya bi ta da ido har inda ta ƙare. Na ga lokacin da ya gane.

"Ta ƙone?"

"Ban sani ba tukuna."

Na durƙusa na sa hancina a ramukan murfin. Akwai warin zafi, amma ban ji wancan warin da na sani ba, na fenti da waya in sun dahu. Hanci dai ba shaida ba ne. Na zaro mita na auna taransifomar ta bakin ramin sifika, ta nuna hanya a haɗe take. Na ɗauko wayar na ɓare bakinta da wuƙa, na sake murɗa mahaɗar, na naɗe, na bi sifikokin ɗaya bayan ɗaya na tabbatar ba wadda ta kwance, na auna bakin babbar wayar. Duk wannan yana tsaye a kaina. Na mayar da ƙarar ƙasa, na kunna.

Irin wannan amfilifayar ba ta magana da an kunna ta, sai kwalaben sun yi ja sun ɗau ɗumi. Muka zuba musu ido. Suka fara haske kaɗan-kaɗan. Na cusa wayar jita, na riƙe ɗaya bakin, na ɗora babban yatsana a kan tsininsa. Sifika huɗu suka yi gurnani tare, mai kauri, lafiyayye, har da ta motar da karkarwarta.

"Tana nan," na ce masa. "Ba abin da ya same ta."

Mutumin da ƙarar nan ba ta sa shi ko ƙifta ido ba ya sulale ya zauna a ƙasa, cikin shinkafar da ta zube, da jitar a cinyarsa. Hannuwansa suna rawa har tsirkiyoyin suna ƙara da kansu. Ya cusa su a hammata ya matse, ba su daina ba. Na karɓi jitar na jingine ta. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, ban kuma san abin da ake ce wa mutum a irin wannan hali ba.

Mutane suka fara dawowa, ana dariyar kunya, kowa yana cewa shi da ma ya san taya ce. Aka tayar da kujeru, ana neman takalma. Uban amarya ya fito ba hula, ya fara zuwa ya duba koren akwatinsa, sannan ya ɗaga murya ya ce a ci gaba da kiɗa, rana tana tafiya. Mata suka amsa, a kaɗa, a kaɗa.

Na ce musu su yi haƙuri, irin wannan tsohuwar amfilifayar in an kashe ta sai an jira ta yi ɗumi. Ta riga ta yi ɗumi tuni. Na tsaya a gabansa na baza rigata, ina taɓa maɓallan kamar mai wani gyara, har hannunsa ya daina rawa.